Yadda na gyara yoyon man giya a Camry ta 2004

Jan mai na ɗiga ta gaban motar, giya kuma tana jinkirin shiga da safe. A wannan Camry, wadda ake kira Big Daddy, man giya yana bi ta tiyo biyu zuwa tankin ƙasan lagireto ya huce ya dawo.

Da injin a sanyaye na fara buɗe murfin lagireto. Da ruwan ya koma kamar madara mai ja-ja, to bututun man giya da ke cikin lagireto ne ya fashe, sai canjin lagireto da wanke giya. Ruwan tas yake. Na wanke ƙasan motar da sabulu, ya bushe, na tada mota: ga mai yana tsattsafowa daga bakin tiyo ɗaya, robar ta ƙandare ta tsage a ƙarƙashin kilif.

Duka biyun na canja, tunda shekarunsu ɗaya. Tiyon man giya, faɗin rami kusan milimita 10. Kada a yarda da tiyon fetur ko da mai shago ya rantse, zafin man yana lalata shi. Kilif ya zauna bayan tudun bakin ƙarfen, a ɗaure daidai; in an matse da yawa yana yanka roba.

Man Toyota T-IV na ƙara ta ramin geji (sandar awon man giya), rabin lita-rabin lita. Awo sai injin ya yi zafi yana aiki, a wuri mai daidai, an zagaya giya daga P zuwa L an dawo. Man ya tsaya a alamar HOT ta jikin geji, don in ya wuce kumfa yake yi.