Yadda za ka nemo kabarin kakanka na yaƙin Burma ka kuma gyara shi

Duk 15 ga Janairu ana fareti ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, amma ka tambayi jikokin waɗanda suka je Burma a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ina kakansu yake kwance, da yawa sai dai su ce "yana tsohuwar maƙabarta", shi ke nan. In kana son nemo naka, kar ka fara da maƙabarta, fara da lambarsa ta soja.

Dalili kuwa Turawa ba su damu da sunan uba ba, sunan gari suke liƙa wa mutum, Musa Kano, Garba Sakkwato, ga rubutun nasu kuma ya karkace, to masu suna ɗaya sun yi yawa, lambar ce kaɗai ke bambanta su. Ka je wajen tsofaffin gidanku, musamman gwaggo ko iya mai ajiyar kaya a adaka, ka roƙa a nuna maka takardar sallama ko littafin fansho ko lambobin yabon. In akwai lambar jarumta irin MM ko DCM juya ta ka duba gefenta, ana zana suna da lamba a wurin. Tauraron Burma, wato lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Burma, yawanci ba suna a jikinsa.

Daga nan hanya biyu ce. In a yaƙin ya rasu, shiga shafin CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, ka sa lambar ko sunan, ka gwada rubutu iri iri. Da yawa daga namu suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a Myanmar, inda aka rubuta sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. In kakan naka na yaƙin duniya na farko ne kada ka yi mamaki in babu shi, ita kanta hukumar ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, yawanci 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ba. Bayanin abin da ya yi har aka ba shi lambar jarumta a yaƙi na biyu kuma yana cikin fayil WO 373 a gidan adana tarihi na Ingila, ana dubawa ta intanet.

In kuwa ya dawo gida ya tsufa ya rasu, CWGC ba ruwanta da shi, nan aikin naka ne. Nemi masu haƙan kabari da maigadin maƙabartar da dattawan da suka raka gawar, su ne suka san layin, sannan ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku ko suna da sunansa.

Wajen gyara don Allah kada a kwaikwayi Turawa a zo ana zuba siminti da tayil, hadisi ya hana gini a kan kabari, kuma rigima kawai za ka jawo da mutanen unguwa. Ka sanar da liman da mai unguwa, a haɗa gayya kafin damina, a cire ciyawa da hannu banda cinna wuta, a ƙara ƙasa inda ya rufta, a gyara hanyar ruwa, a sa dutse alama. In katanga ta faɗi dabbobi na shiga, kuɗin da za ka kashe a kabari ɗaya gara a sa shi nan kowa ya amfana.

Labarin nasa kuma a rubuta shi a takarda da waya: sunansa na gaskiya, lambarsa, bataliyarsa, hoton lambobin, da muryar tsohon da ya san shi. Chari Maigumeri, tsohon sojan da shi ma ya je Burma, ya yi sa'a an sa wa barikin Lokoja sunansa, sauran in gida bai ajiye ba babu mai ajiyewa. Kuma kada a sayar da lambobin wa 'yan gwangwan, a ba wa mutum ɗaya amana kowa ya san suna hannunsa.