Maganin ciwon jijiya a Damagaram: hanyoyin rage nauyin kuɗinsa

Ciwon jijiya ba irin wanda ake sha wa magani kwana biyar a manta ba ne. Mai shi yakan ce tafin ƙafarsa na ƙuna da dare kamar an shafa barkono, ko tururuwa na yawo a yatsunsa, ko wani abu na fizgarsa kamar wutar lantarki. Wani ma zanen rufa in ya goge shi sai ya zabura. Jinyarsa ta watanni ce, wani lokaci shekaru, shi ya sa maganar kuɗi ke zama rabin wahalar. A Nijar babu takarda guda da ke biya wa kowa wannan magani. Ƙofofi ne daban-daban, kowace da wanda take buɗe wa, kuma dukansu sai da rubutun likita.

Fara daga CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarku, ko asibitin gunduma in kana Mirriya, Magarya, Matamai, Gure ko Tanut. Riƙe karnenka na asibiti, ka nemi takardar turawa in za a kai ka babban asibitin ƙasa na Zinder. Gaban majo ko likita kada ka tsaya a "ƙafata ke ciwo", don da wannan za a ba ka parasetamol ko diklofenak, su kuwa ba su cika taɓa ciwon jijiya ba. Faɗi yadda yake: ƙuna, suka, fizga, mutuwar fata, da lokacin da ya fi tsanani. Akwai gwajin tambayoyi mai maki goma da ake kira DN4, wanda ya samu maki 4 ko fiye ana ɗaukar ciwonsa na jijiya ne. Roƙi a rubuta sakamakon a karne, tare da awon sukari da awon ƙoda. Tun 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da na awo a asibitocin gwamnati, amma ragin bai shafi maganin da za ka saya a farmasi ba.

Sanin musabbabi na iya sauke maka kaya mai nauyi. In kuturta ce ta taɓa jijiya, maganin kuturta kyauta ne, haka na tarin fuka da na sida. Wanda ƙafarsa ta fara ƙuna yana cikin shan maganin tarin fuka ya faɗa wa mai ba shi maganin tun da wuri, domin ƙwayar isoniazid na jawo haka, kuma bitamin B6 ke tare shi. Mai ciwon sukari da ya daɗe kan metformin a duba masa bitamin B12.

Sai odonansi, inda yawancin mutane ke asarar kuɗi ba su sani ba. Ka ce wa likita a fili: "Dokta, ƙarfina kaɗan ne, a rubuta mini sunan maganin na asali, ba sunan kamfani ba." Laroxyl amitriptyline ne, Neurontin gabapentin ne, Lyrica pregabalin ne, Tegretol carbamazepine ne. Sinadarin ɗaya, farashin ne ya bambanta, kuma da sunan asali kake da damar samun mai araha a farmasin asibiti ko a farmasi popiler na ONPPC, hukumar magunguna ta gwamnati.

A ganinmu, wanda zai biya daga aljihunsa ya tambayi likita ko amitriptyline zai dace da shi kafin a haura sama. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fi sauran araha, kuma sau ɗaya ake shansa da dare, abin da ke sauƙaƙa wa mai azumi. Ana farawa da miligiram 10 zuwa 25, a riƙa ƙarawa sannu-sannu, galibi ba a wuce 75. Yana busar da baki, yana sa barci da taurin ciki, don haka ɗan kabu-kabu ya kula da safiyarsa a makon farko. Bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko mai hawan ruwan ido, ko dattijon da fitsari ke masa wuya. A nan ne ake komawa gabapentin, wanda ake farawa da miligiram 300 a hau har sau uku a yini, ko pregabalin, miligiram 75 safe da yamma. Su biyun ta ƙoda suke fita, in ƙoda ta yi rauni dole a rage. Carbamazepine kuwa na ciwon da ke fizgar gefen fuska ne. Duk wanda aka gwada bai yi ba, a rubuta a karne: yawansa, tsawon lokacin, da dalilin barinsa. Wannan rubutu shi ne hujjarka ranar da za ka nemi a taimaka maka da mai tsada.

Mara ƙarfi, ƙofarsa takardar shaidar rashin ƙarfi ce. Ma'aikatar magajin gari ke bayar da ita, birnin Zinder kuwa gundumomi biyar ne, sai ka je taka. Shaidar mai unguwa na taimakawa. Kai takardar ofishin jin ƙai na asibiti tare da katin ɗan ƙasa, karne da odonansi, kuma ka yi hoton kowace kafin ka miƙa. Inda abin ke cijewa, taimakon ya fi tsayawa ga abin da ke cikin asibitin, in maganin babu shi a kantinsu sai a ce ka sayo waje. Don haka leƙa farmasin asibiti tukuna, ka ji wanne suke da shi, ka koma wurin likita da wannan labari.

Ma'aikacin gwamnati yana da takardar ɗaukar nauyi ta kashi 80 cikin 100, amma ta awo ce da kwanciya asibiti. Kuɗin magani sai in ma'aikatarku na da asusun taimakon juna ko inshora, su kuma za su nemi odonansi mai hatimi da rasit na asali. Wanda jijiyarsa ta lalace a wurin aiki, kamar faɗowa daga gini ko yankan inji, in an yi masa rajista da CNSS, asusun kare ma'aikata na ƙasa, asusun ne ke ɗaukar jinyarsa har da magani. Wanda ya ɗauke shi aiki ne zai kai rahoton hatsarin cikin awa 48, kuma a tabbata likita ya rubuta raunin jijiyar tun a takardar farko, don ciwon da ya ɓullo bayan wata uku yana da wuyar dangantawa da hatsarin.

Kada ka yanke hukunci a mako ɗaya. Waɗannan magunguna sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, sauƙin ma raguwa ce, a samu barci a iya taka ƙasa. Mai gaggawa shi ke faɗawa hannun masu tallar ƙwaya a bakin kasuwa, ya sayi tramol da ya sha rana, ba a san ƙarfinsa ba. Tramol na kama jiki, kuma haɗa shi da pregabalin na iya danne numfashi. Haka nan ba a yanke gabapentin, pregabalin ko amitriptyline rana ɗaya, ana saukowa ne a hankali bisa umarnin likita. Saboda haka ƙirga ƙwayoyinka, in saura na mako guda koma a sabunta odonansi, ka tafi da tsohon kwalin a aljihu.