Yadda ake sassabin zamani: tada dajin da ke kwance ƙarƙashin gonarka

Kowace shekara ran 3 ga Agusta a Nijar muna fita dashen itatuwa. A haƙa rami, a yage leda, a sa ɗan icce, a zuba ruwa, a ɗauki hoto. Koma wurin a watan Maris ka ƙirga waɗanda suka rage. Awaki sun ci wasu, rana ta ƙone wasu, gara ta ƙarasa saura. Ban raina dashe ba, amma mai gona a Tibiri ko Gazawa ko Mayahi yana da wata hanya da ba ta cin ko dala, wato sassabin zamani: ka raini tohon da ke fitowa daga kututturen da ke gonarka maimakon ka sare shi. Kayan aikinta gatari mai kaifi ne, da tsumma, da haƙurin shekara biyu zuwa uku.

A nan jihar Maraɗi abin ya samo tushe. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM, ya gaji da dashen da ba ya kamawa. Wata rana ya tsaya kan hanya yana rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan toho a gefe. Da ya duba ganyen ya gane ai icce ne da aka sare, saiwarsa tana nan da ranta a ƙasa. Lokacin yunwar 1984 aka riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar irin wannan toho a gonakinsu. Da abincin ya ƙare da yawa suka koma suka sare, amma waɗanda suka bari sun ga bambanci, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Daga baya masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta cewa hanyar ta mamaye kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Tsofaffi za su ce maka kakanninmu ma ba sa sare gawo, kuma gaskiyarsu. Abin da ya zo sabo shi ne a yi wa sabara da kalgo irin wannan gata.

Fara da zagaya gona, gatari a rataye

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan an ɗaure hatsi har zuwa bazara, sa'ad da ake sassabe. A da, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes kamar tafin hannu: a sare duk toho, a tara, a cinna wuta. Wannan karon kada ka sari komai ranar farko. Bi gonar daga iyaka zuwa iyaka kana duban abin da ya fito. Kowane cunkus ɗin sabara da ka saba sarewa duk shekara yana zaune ne kan kututture da saiwar da wataƙila ta girme ka, ta riga ta nutsa ta kai ga laima. Shi ya sa tohonsa yake yin tsawon da dashe ba zai kamo shi ba ko ana ba shi ruwa safe da yamma.

Sai ka zaɓi waɗanda za ka raina. Kowane icce da abin da yake biya. Sabara da geza da taramniya na makamashi ne da tare iska. Kalgo yana ba da igiya daga ɓawonsa, 'ya'yansa kuma dabbobi na so. Magarya da aduwa da gwandar daji na yara ne da na kasuwa. Bagaruwa ta majema ce. Kirya, in Allah Ya sa kana da ita, ka riƙe ta da hannu biyu, don maƙera da masu sassaƙa turmi sun kusa ƙarar da ita a wurare da yawa. Shawarata kada ka bar iri ɗaya tal. Gonar da ke da iri shida ko bakwai ba ta rasa fure ko 'ya'ya a kowane lokaci na shekara, kuma wannan shi ke kiran ƙudan zuma da tsuntsaye.

Game da yawa, fara da kamar 40 a hekta guda, wato tazarar taku 15 zuwa 20 tsakaninsu. Akwai manoman da suka wuce 100 bayan sun ga hatsinsu bai ragu ba. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, gwada a kusurwa ɗaya ta gonar, wadda iska ta fi kwashe wa ƙasa.

Zaɓen rassa da yadda ake yanka

Nan ne aikin yake. Durƙusa gaban kututturen ka buɗe shi da hannu, bayan ka ɗan bubbuga da sanda saboda maciji. Za ka tarar da rassa goma, ashirin, wani lokaci fiye, duk suna rabon abincin saiwa ɗaya, shi ya sa babu wanda ke girma. Zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fi tsawo da kauri da miƙewa, ka cire sauran daga gindi.

Wani zai ce me ya sa ba za a bar ɗaya kawai ba, tunda icce ɗaya ake nema? Saboda akuya, da iska, da mai neman ƙirare. Idan ɗaya ka bari aka karya shi, ka koma farko. Kuma sauran rassan ajiya ce, za mu zo kansu.

Gatarin ko addar su kasance da kaifi sosai. Sara kuma daga ƙasa zuwa sama ake yi. Idan ka saro daga sama, reshen yakan faɗi ya ja ɓawo ya ɗaye shi har jikin wanda kake son bari, ciwon nan kuma ƙofar gara ce da ruɓa. Mai ƙaramin zarto ya fi kowa samun sauƙi, amma lauje mai kaifi ma yana yi wa ƙananan rassa.

Bayan haka ka rage ƙananan rassan gefe na waɗanda ka bari, daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu kawai. Kada ka wuce rabi. Ni na wuce. Shekarar da na fara a gonarmu, zumuɗi ya sa na aske sabara wajen goma sha biyar har sai ɗan tuntu a kai, suka tsaya zar kamar sandunan tuta, ina ta jin daɗi. Hadarin farko da ya taso da iskar gabas ya kwantar da fiye da rabi, wasu suka karye a tsaka. Kawuna ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a baya, ya ce, "Kai ɗana, icce da ganye shi ka ci. Ka tuɓe mai riga, ka hana mai abinci, mi kake so shi yi?" Ganyen da na ɗauka ƙazanta ne, ashe shi ke ƙara wa gangar jikin kauri.

Ɗaura alama, kuma ka bar wuta

Kowane kututturen da ka gyara, ɗaura masa tsumma, ja ya fi fitowa. Ba layar tsari ba ce, sanarwa ce ga mai wucewa cewa wannan iccen yana da mai shi. Inda dabbobi suka yi yawa, ka jera ƙayar magarya ko ta bagaruwa kewaye da gindin.

Rassan da ka cire, masu kauri su tafi gida a yi girki. Ganye da ƙananan ƙirare kuwa a bar su shimfiɗe a gona. Suna tare ƙurar da iskar hunturu ke ɗaukowa, gara ta shigo ta cinye su, ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Wuta ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki: tana ƙone tohon, tana ƙone takin, tana kashe ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. In dole sai ka ƙone wani abu, ja shi can nesa da itatuwan.

Komawa, da cin moriya

Sassabin zamani ba aikin yini ɗaya ba ne. Kututturen zai ci gaba da fito da sabon toho, don haka duk bayan wata biyu zuwa shida ka zagayo ka cire, ka ɗan ƙara ɗaga rassan gefe yadda iccen ke ƙara tsawo. Da damina, lokacin noman farko, ka rage duk reshen da ya yi wa hatsi inuwa da yawa.

Daga shekara ta biyu ko ta uku ajiyar nan ta fara biya. Kowace shekara ka sare reshe ɗaya daga cikin biyar ɗin, na darni ko na rumbu ko na sayarwa, ka bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa. Wanda ya fi kyau duka kada ka taɓa shi, shi ne zai zama icce.

Gawo kuwa sha'aninsa daban ne. Yana zubar da ganye da damina, sa'ad da hatsi ke son rana, ya yi kore shar da rani, sa'ad da dabba ke neman inuwa da abinci. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Sau da yawa ba daga kututture yake fitowa ba, daga kashin shanu da awaki ne da suka ci 'ya'yansa. Saboda haka lokacin noma ka gargaɗi yara da 'yan ƙwadago su buɗe ido, don ɗan gawo mai tsawon yatsa da hauya ɗaya ake gamawa da shi. Kafa masa sanda a gefe. Kuma idan makiyayi ya nemi ya zauna a gonarka bayan kaka, ka sani ba taki kaɗai yake kawo maka ba.

Sha'anin mutane ya fi na gatari wuya

Ka gyara gonarka tsaf, ka dawo bayan kwana uku ka tarar an sare, wannan ya fi komai karya gwiwa, kuma shi ya sa mutum ɗaya ba ya yin wannan aiki shi kaɗai a gari. Mutanen Ɗan Saga a yankin Agye sun yi suna ne saboda kwamitocin tsaron da suka kafa, da maza da mata da makiyaya a ciki, da dokoki da tara ga wanda ya yi sara ba izini. Ka je wurin mai gari da maƙwabtan gonarka tun kafin ka fara. A sa mata a maganar tun farko, don su ke tafiya neman itacen girki, kuma idan sun san rassan da aka rage nasu ne, ba za su taɓa wanda aka ɗaura wa tsumma ba. Makiyaya kuma a yarda da su kan yadda za a sassaro ganye ba tare da an guntule kan iccen ba, a bar musu burtali yadda yake.

Tsoron da ya daɗe yana hana mutane shi ne na 'yan gandun daji: ka raini icce a gonarka, ka taɓa shi a ci ka tara. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki, ta kuma amince da haƙƙin manomi kan itatuwan da ya raina. Duk da haka ka je ofishin 'yan gandun daji na kusa da kai a san da gonarka, kuma kafin ka kayar da babban icce, musamman irin su gawo da ke cikin masu kariya, ka nemi izini.

Baƙin da za su biyo itatuwan

Da zarar inuwa da mafaka sun samu, masu rai za su fara dawowa. Ƙadangaru da hawainiya da gizo-gizo su ke riga kowa, sai kurciyoyi su yi sheƙa, sai wata safiya ka ga sawun zomo ko bushiya, in an yi sa'a ka ji kukan fakara ko zabin daji. Ba ado ba ne kawai. Yawancinsu fara da tsutsa suke ci, su ne ma'aikatan da ba ka biya. Mujiyar da muke jifa saboda camfi, ɓeraye take kamawa a bakin rumbu.

Na san ƙorafin: itatuwa suna tara tsuntsaye su ci hatsi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman ga wanda ya riga kowa shuka hatsinsa ya nuna shi kaɗai. Amma garken jan baki mai rufe sama daga nesa yake tasowa, kuma ba ya tambayar ko gonarka tana da icce. Rage rassa kafin hatsi ya yi kai, a shuka tare da maƙwabta, a sa yara da gwangwani kamar yadda aka saba.

Abin da za ka yi wa baƙin nan kaɗan ne. Bar kusurwa ɗaya ko bakin iyaka ba gyara, cunkus yadda yake, da gamba a ciki, don zomo da fakara ba sa kwana a fili. Ka hana yara kwasar ƙwai da ɗana tarko da damina, lokacin haihuwa. Da bazara ka binne tsohon kasko a inuwa kana zuba masa ruwa. Idan magarya da gawo sun fara fure, rataya amya, amma ka yi hattara da fesa maganin ƙwari a kusa. Macizai ma za su zo, ba a ɓoye wannan, don haka takalmi da sanda kafin hannu ya shiga ƙarƙashin ganye.

Kada kuma a ɗauka namun daji sai a gandun gwamnati. Raƙuman dawa takwas ɗin da aka kawo gandun Gadabeji a arewacin jiharmu a 2018, daga yankin Kure aka ɗauko su, kusa da Yamai, inda suke yawo a tsakiyar gonakin mutane suna cin ganyen gawo da rani. Raƙumin dawa ba zai zo gonarka a Jiratawa ba. Mu dai a tamu, shekara ta huɗu, ɗan ƙanena ya rugo gida da hantsi yana haki, wai ya ga ƙwai a gindin kalgon da ke iyakar yamma. Muka je muka leƙa daga nesa, na fakara ne, guda biyar, a ɗan rami cikin busasshen ganye. Sai da na yi masa alkawarin dafaffen ƙwan zabi biyu ranar kasuwa kafin ya yarda ya bar su.