Yadda na gyara murfin matuƙin ƙaramin Spitfire

Kwana uku ina haɗa ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi na roba, Spitfire mai ma'aunin 1:72, wato an ƙanƙanta shi sau 72. Murfin wurin zaman matuƙi na manna da sufa gulu. Washegari na tarar ya yi fari kamar hazo ya sauka a kansa, raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe tururin gam ɗin ne ke kwanciya a kan roba mai haske yayin bushewa.

Da tsinin wuƙa na ɓamɓare shi a hankali. Na goge da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 2000, na bi da man goge baki a auduga har dusashewar ta tafi, sannan na tsoma shi cikin fenti marar launi mai ƙyalli, na ciro na bar shi ya kwana yana bushewa. Na mayar da shi da farin gam na katako, wanda ba ya tururi. Yanzu har kujerar matuƙin ana hangowa.