Yadda Ake Samun Sanyin Esi a Tsohuwar Bas Ɗin Kwana

Duk wanda ya taɓa kwana cikin bas a Kaduna a watan Maris ko Afrilu ya san wahalar. Ƙarfe ya wuni yana shan rana, dare ya yi yana amayar maka da zafin. Tsohuwar Hiace gare ni, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa saboda tafiye-tafiye. Sau uku na zuba mata gas a bazara ɗaya kafin na gane cewa gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo.

Saboda haka fara da neman yoyon. Bi tiyo-tiyon da idonka daga kwamfuresa (famfon da ke matse gas ɗin) zuwa kwandansa (mai kama da lagireto, inda gas ɗin ke fitar da zafinsa). Duk mahaɗar da ka ga ta yi maiƙo, ƙura ta manne mata ta yi baƙi, nan ne, domin gas yana fita tare da man kwamfuresa. Ka sa mai gyara ya matsa iskar naitirojin a ciki, ya shafa ruwan sabulu, ku tsaya ku ga inda kumfa za ta taso. Sau da yawa 'yar robar mahaɗa ce ta bushe ta tsage.

Daga nan ka san irin gas ɗin motarka, a nan ne aka fi yin ɓarna. Motocin da aka ƙera kafin wajajen 1994 yawanci R12 suke sha, wanda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Na bayansu yawanci R134a ne. Ba a gauraya su, kuma man kwamfuresarsu ba iri ɗaya ba ne. In za a mayar da taka kan R134a, sai an wanke tsohon man, an canja draya (matatar da ke tsotse danshi daga gas) da robobi, an zuba man da ya dace. Kafin a ɗura gas, a zuƙe iska da danshi da injin bakyum na kamar rabin awa. Kada ka yarda a tsallake wannan ko da layi ya yi wa mai gyaran yawa. A kuma auna gas ɗin a sikeli daidai da abin da kamfani ya rubuta, don in ya yi yawa sanyi raguwa yake yi, kwamfuresa ta wahala.

Sai kwandansa. Ƙurar hunturu tana toshe ta, a wanke da ruwa a hankali kada haƙoranta su lanƙwashe. A duba fanka da bel. In esinka na sanyi a hanyar Zariya amma ya mutu a cunkoson Kawo, fankar ce ba ta ja da kyau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rufi. A tsohuwar Hiace injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, zafinsa na shigowa ciki, ga na rana daga sama. A Panteka na sa aka cire silin aka manna soso mai kauri, aka sa wani soson mai jure zafi a murfin injin, aka shafe saman motar da farin fenti. Na ƙara labule a tagogi. Esin bai canja ba, amma sanyinsa ya fara kaiwa har baya.

Da dare kuwa, don Allah kada ka kwana injin yana aiki. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci. Haka janareta, a ajiye shi nesa da tagogi. In kana son esin dare da batir, yi lissafi tukuna: esin lantarki mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wat 700 zuwa 900, batir mai bolt 12 da amfiya 200 kuwa bai wuce wat 2,400 na awa ɗaya ba, wato da ƙyar ya kai ka awa uku. Batirin ya kasance daban da na tayar da mota, sola na caja shi da rana. Ni nakan kunna awa ɗaya kafin in kwanta, ciki ya huce, sannan in bar ƙaramar fankar rufi tana fitar da iska mai zafi har asuba.