Yadda Ake Tara Tsofaffin Insuletocin Tangaran da Tsabtace Su

Insuleta shi ne ɗan kofin nan na tangaran da ke kan falwaya, wanda yake riƙe waya ya hana wuta bin turke. Tsofaffin da suka yi aiki a layukan tangaraho da na lantarki yanzu sun zama kayan tarihi, musamman a Amurka, inda masu tara su suka kafa ƙungiyar National Insulator Association a 1973.

Da farko, san inda za ka nema. Wajen 'yan gwangwan da masu sayar da tsofaffin kaya ya fi. Kada ka kuskura ka hau falwaya ko ka kwance wanda ke kan layi, ko da ka ga kamar layin ya mutu: sata ce, ga kuma haɗarin rai. Manyan nan na jikin taransifoma su ma bar su, domin tsohon man da ke cikin wasunsu guba ne.

Na biyu, duba tambari kafin ka yi ciniki, don a nan kuɗin yake. A cikin masu ƙera su a Amurka, Fred M. Locke na garin Victor a jihar New York, da kamfanonin Thomas da Imperial, sunaye ne da ake rububinsu. Na Ingila kuwa za ka ga sunan kamfanin Bullers ko harufan GPO, wato tsohuwar hukumar gidan waya ta ƙasar. Leƙa cikinsa: rami mai murɗi irin na noti, a Ingila wani mai suna Cordeaux ne ya yi masa rajista a 1877. Wajen launi, ruwan ƙasa da fari sun yi yawa. Shuɗi, kore da rawaya su ne masu wuyar samu. Ƙwanƙwasa shi da farce. Lafiyayye zai yi ƙara garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take.

Sai wanki, kuma a nan mutane ke ɓata kayansu. Jiƙa shi ya kwana cikin ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, sannan ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ruwan zafi na iya tsaga shi. Idan baƙin hayaƙin jirgin ƙasa ko tsatsa ya ƙi fita, sa safar hannu da tabarau ka jiƙa shi cikin ruwan asid ɗin oksalik mai rauni, ka ɗauraye sosai. Ban da sosan ƙarfe, ban da samfefa. Sheƙin da aka kankare ba ya dawowa.

Idan ɓari ya fita kuma yana hannunka, manna shi da gam ɗin epoksi. Fenti kuwa, a ganina, ɓarna ce kawai. Ranar da za ka sayar, faɗa wa mai saye an yi gyara.

Daga nan ɗaura masa 'yar takarda mai sunan kamfani da inda ka same shi, ka ajiye a kanta mai ƙarfi, don tangaran akwai nauyi.