Yadda ɗalibi zai rage zubar da abinci a ɗakin haya a Zinder

Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke haya a gari sukan haɗa kuɗi su yi girki tukunya ɗaya, kuma yawancin abin da suke zubarwa tun wajen awo aka yi asararsa. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, ɗakin ba firiji, in ma akwai wuta ba ta da tabbas. Don haka abin da ya yi saura da rana da wuya ya kai dare lafiya.

Da farko a tsayar da ma'auni ɗaya. Kofi mai cin mililita 250 yana ɗaukar ɗanyar shinkafa kusan giram 200, ita kuwa in ta dahu nauyinta kan ninka kusan sau uku. Rabin kofi ya ishi mutum ɗaya mai ci sosai. In shinkafa da wake za a yi wa mutum huɗu, kofi ɗaya da rabi na shinkafa da kofi ɗaya na wake sun wadatar. Kafin a ɗora tukunya a tambaya wa zai ci a ɗaki yau. Wanda ke da darasi har la'asar a waje zai ci, kada a auna da shi.

Saurar shinkafa ita ce mai hatsari. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe irinta. In shinkafa ta huce ta zauna cikin ɗumi, sai ƙwayar ta hayayyafa ta saki dafi, dafin kuma ɗumame ba ya karya shi, ko da an ga tururi na tashi. Shinkafar ba ta wari, ba ta yauƙi, amma bayan ƴan sa'o'i sai amai. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, lokacin bazara awa ɗaya. In akwai firijin maƙwabci, a baza shinkafar a faranti ta huce da wuri, a rufe a kai ta firijin. In babu, a ba almajiri ko mai gadi tun tana da zafi. Jiran safiya a ba da abin da ya lalace ba sadaka ba ce.

Tuwo ya fi haƙuri. A yanka shi siriri-siriri, a shanya kan tire a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ya bushe ƙarau kamar ƙanzo. Miya kuwa a raba ta tun a tukunya, a ɗumama abin da za a ci kaɗai har ya tafasa, domin yawan tafasawa yana cinye bitamin C na ganye da tumatir.

A Kasuwar Dole kada araha ta ruɗe ka ka kwashi tumatir na mako guda. Na kwana biyu ya isa, sauran a cike da kauɗa. Mai son ajiyar kayan miya ya samo tukwanen ƙasa biyu irin na Miriya, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya riƙa jiƙa shi safe da yamma, ya zuba kayan miyan a ƙaramar, ya rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Wannan dabara tana aiki a busasshen zafi, da damina kuwa sanyinta kaɗan ne. Albasa ban da ita, wuri busasshe take so. Wake a zuba shi a jarka busasshiya, a cika ta har baki a toshe, rashin iska ke kashe ƙwari.

Ɓawon kayan miya da ƙanzon da bai yi funfuna ba a ba masu awaki a unguwa. In an ɗaure su a leda aka jefa a bola, ruɓa suke yi ba iska, suna fitar da iskar metan mai ƙara ɗumamar yanayi, akuya kuma ta biyo ƙamshi ta haɗiye har ledar.